Alƙalamin da Ya Daina Jin Taɓawa

Akwai wani mutum, mai zane ne, amma ba da fenti da takarda ba. Yana da allon kwamfuta da alƙalaminsa, irin wanda ke jin nauyin hannu. In ka danna, layi ya fito da kauri, baƙi ƙirin. In ka shafa a hankali, ya fito siriri kamar gashi.

To, mutumin nan hannunsa da nauyi, ga shi kullum cikin sauri. Layukansa suka riƙa fitowa da muni. Maimakon ya sassauta hannu, sai ya shiga wurin saiti ya rage wa alƙalamin ji. Aiki ya yi kyau. Bayan kwana biyu ya ƙara ragewa. Yau da gobe, har ya manta ya taɓa yin haka.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta rasu, ba ta bar hoton kirki ba. Ƙanwarsa Tabita ta ce, "Yaya, ka fi kowa sanin fuskar Mama. Zana mana ita kafin sujadar godiya, jikokinta su san ta."

Ya zana goshi, ya zana hanci, ya zana ɗaurin ɗankwalinta. Saura 'yan siraran layukan da ke fitowa a gefen idonta in ta yi murmushi. Ya shafa a hankali, allo bai nuna komai ba. Ya danna, layi ya fito kamar tsagar wuƙa. Sai ya yi dabara, ya rage ƙarfin launin. Fuskar ta koɗe, amma taurinta na nan.

Tabita ta duba ta ce, "Yaya, wannan matar fushi take yi. Ba Mama ba ce."

Maganar ta soke shi. Tsoro ya kama shi, kada fuskar ta ɓace masa a zuci tun bai kama ta ba. Ya canza bakin alƙalami, ya canza waya, ya ce jabu aka sayar masa. A ƙarshe ya kai wa abokin sana'arsa Filibus. Filibus ya buɗe saiti ya duba.

"Abokina, alƙalaminka lafiya lau. Wa ya toshe masa kunne haka?"

Mutumin ya ce, "Ni ne."

Suka mayar da jin yadda yake. Da fari abin ya ba shi kunya, domin duk inda ya danna fiye da kima sai allo ya tona shi. Dole ya koyi sassauta hannu. Da ya koya, murmushin Mama ya fito, Tabita ta gani ta fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce: alƙalamin nan lamirinka ne. Allah ya yi shi mai ji. Ka gaya wa matarka baƙar magana, zuciyarka ta tsawata maka, kai kuwa maimakon ka gyara harshe, sai ka rage wa zuciyar ji. Rage launi kuma shi ne murmushin ranar Lahadi, alhali hali bai canza ba. Amma ka sani, zuciyar da ta daina jin zafin laifi, ba za ta ji raɗar Ruhu ba, ko gajiyar da ke muryar ɗanka.

'Yan'uwa, wani ya taɓa ku a hankali a makon nan. Kun ji shi?