Sansanin Kurege da Gyaɗar 'Yar Bushiya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

To, ku gyara zama, kuma wanda ya katse ni shi zai ƙarasa ta.

Wata Bushiya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, sunanta Delu. Bushiya tana son yarinyar nan, irin son da yake lalata yaro. Ita za ta tashe ta, ita za ta yi mata wanka, ita za ta fifita mata kunu ya huce. In Delu ta ɗauki tsintsiya, sai uwar ta ce, "Ajiye, kar ki gaji." In ta ɗauki tulu, sai ta ce, "Ajiye, kar ki fasa." Har yarinya ta girma abu ɗaya kawai ta iya: in an yi mata magana da ƙarfi, ta dunƙule ta ɓoye fuska.

Ana nan, ana nan, sai zazzaɓi ya kwantar da Bushiya kwana uku. Ga tsaba a ƙwarya, ga itace, ga ruwa a randa, amma Delu ta zauna gefen uwar tana kukan yunwa, don ko wuta ba ta iya hurawa ba. Bushiya na kwance tana kallonta. Ta ce a ranta, "Da mutuwa ce ta zo mini, yunwa za ta kashe yarinyar nan ga abinci a gabanta. Kuma ni na jawo."

A garin nan akwai Kurege. Kun dai san Kurege: ga baki, ga jela, ga ciki, amma hannunsa bai san ƙotar fartanya ba. Rani ya yi nisa, yunwa ta fara taɓa shi, sai ya zauna ya yi tunani. Ran kasuwa ya hau kan suri ya yi shela.

Ya ce, "Jama'a, 'ya'yanku suna zaune suna cin naku, ba su san ta inda wuri yake fitowa ba. Na buɗe sansani a gindin tsamiya. Ku ba ni su mako bakwai, can za su kwana, can za su tashi. Zan koya musu saye da sayarwa da tsayawa da ƙafarsu. Ba na karɓar ko wuri ɗaya, don Allah nake yi. Kowane yaro dai ya zo da jarinsa, gyaɗa mudu ɗaya."

Wuri shi ne kuɗin wancan zamanin, kar ku tambaye ni ko na taɓa kashe shi.

Zomo ya kai nasa, Zabuwa ta kai nata, Kunkuru ya kama hanya da nasa, sai bayan kwana biyu suka isa. Ita kuwa Bushiya gyaɗarta mudu ɗaya ce a duniya, kuma iri ne da ta ɓoye don shukar damina. Ta daɗe tana kallon gyaɗar nan, sannan ta ƙulle ta a tsumma ta ɗora wa Delu.

Ta ce, "Wannan shi ne irinmu gaba ɗaya. Ki soya ki sayar, ki sayi ɗanya da kuɗin, ki sake soyawa. Abin da ya hau kai naki ne. Amma ranar da aka tashi, ki ba ni mudu ɗaya cif na ɗanya. In babu, bana ba mu da shuka, baɗi ba mu da abinci."

Delu ta ce, "Inna, ki zo mu zauna can tare mana."

Bushiya ta ce, "Ni na wuce sansani. Ɗauki mu je in raka ki."

Kwanakin farko Kurege ya yi koyarwa ta gaskiya, don mai son soyayyiyar gyaɗa ba zai yarda a ƙona masa ita ba. Ya nuna musu hura wuta, ya nuna musu zuba yashi a kasko, ya nuna musu juyawa. Delu ta sha hayaƙi, ta ƙona yatsa, ta yi kuka. Rana ta uku wuta ta kama mata da kanta, ta tsaya tana kallo ba ta yarda ita ta hura ba.

Sai Kurege ya ce, "Darasi na biyu shi ne ciniki. Kullum da safe, kafin ku tafi kasuwa, ni ne mai saye. Ku jeru."

Yara suka jeru, kowa da faifansa. Kurege ya goye hannu a baya, ya tsaya gaban ɗan Zomo.

"Nawa nawa?"

"Wuri biyu biyu, Malam."

"Bari in ɗanɗana." Ya cika hannu ya watsa a baki. "Gishiri ya yi yawa. Bari in sake ji." Ya cika hannu ya watsa a baki. "A'a, ashe bai ji gishiri ba. Babu gyara?" Ya ɗebi gyara, bai sayi komai ba, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa," ya yi gaba.

Gaban 'ya'yan Zabuwa, bari in ɗanɗana. Gaban ɗan Kunkuru, bari in ɗanɗana. In ya zo kan Delu kuwa, yana buɗe baki sai ta dunƙule gefen faifai, shi kuma ya ɗanɗana da hannu biyu. Yau haka, gobe haka. Jelar Kurege ta fara sheƙi, tumbi ya fito.

Mako biyu suka cika, Delu ta duba tsummanta ta ga saura rabi, wurin da ta samo kuwa bai taka kara ya karya ba. Da rana tsaka ta saci jiki ta ruga gida, ta tarar ƙofa a rufe.

"Inna, buɗe, ni ce."

Bushiya ta leƙa ta kafar ƙyaure, ta ga 'yarta ta rame, fuska duk toka. Har ta kai hannu za ta buɗe, sai ta tsaya.

Ta ce, "Ina gyaɗar?"

"Saura rabi. Malam Kurege ne yake ɗanɗanawa. Ki zo ki yi masa magana."

Ƙayoyin bayan Bushiya suka miƙe, don ba abin da take so irin ta je ta nuna wa Kurege ita wace ce. Amma ta danne.

Ta ce, "A hannun wa gyaɗar take?"

"Hannuna."

"To bakin wa ya kamata ya yi magana?"

Delu ta dubi tsumman da yake hannunta.

Bushiya ta ce, "Koma, Delu. Kina da sauran mako biyar."

Ta zauna bayan ƙyaure, ta toshe bakinta tana hawaye har ta daina jin takun yarinyar. Kada ku ce muguwa ce. Ni na san kukan nan, na yi shi a kan iyayenku.

Hanyar komawa ta bi ta kasuwa. Delu ta gaji, ta rakuɓe kusa da wata tsohuwar Gafiya mai sayar da ƙuli-ƙuli. Sai ga Kura ta zo ta ce za ta ɗanɗana. Gafiya ta gutsiri ɗan mitsitsi ta ɗora mata a tafi, ɗaya hannun kuma yana kan ƙwarya. Kura ta taya da wulaƙanci. Gafiya ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Albarka." Kura ta yi gunaguni, ta ƙara kuɗi, ta saya.

Delu ta ce, "Iya, ba kya jin kunya?"

Gafiya ta ce, "Ina ji mana, 'yar nan. Kunyar ce ta sa na ce mata albarka, ban ce ta ɓace mini da gani ba. Amma kayan nawa ne. Wanda ya saya shi nake yi wa gyara, wanda ya zo kallo gaisuwa ta ishe shi."

Delu ta tashi ta kama hanya tana gwadawa. Ta ga kuka, ta ce mata, "Albarka." Ta ga suri, ta ce masa, "Albarka." Ta ga jaki yana kiwo, ta ce masa, "Albarka," jaki ya ɗaga kai yana mamakin me ya taya. Muryar tana rawa da farko, amma kafin ta isa gindin tsamiya ta daina.

Da safe aka jeru. Kurege ya zo gabanta ya ce, "Bari in ɗanɗana." Jikin Delu ya fara dunƙulewa yadda ya saba, ta kasa hana shi. To, tun da dunƙulewar ta zama dole, sai ta hau kan faifan ta dunƙule a kan gyaɗar. Daga ciki ta turo ƙwaya ɗaya.

"Ga ɗanɗano, Malam."

"Ɗaya?"

"Ɗaya."

"To na saya duka wuri ɗaya."

"Albarka."

Kurege ya yi dariya, ya zura hannu ta ƙarƙashi. Bai ƙarasa dariyar ba ya zaro hannun yana yarfewa. Sauran yara suna gani. Ɗan Kunkuru ya kife kansa a kan nasa faifan, 'ya'yan Zabuwa suka yi kwanci a kan nasu, ɗan Zomo ya ɗauki nasa ya koma nesa yana cewa albarka daga can. Ran nan Kurege ya karya da ƙwaya ɗai-ɗai.

Daga nan Delu ta duƙufa. Ita ce farkon hura wuta, ita ce farkon isa kasuwa. Ta yi ƙulli biyu a tsumma, ɗaya na jari, ɗaya na riba, kuma na jari ba ya kwancewa sai a gaban mai ɗanyar gyaɗa. Wata rana ta tsaya gaban mai alewa har miyau ya cika mata baki, ta taɓa ƙullin nan, ta sake taɓawa, ta wuce. Gyaɗa ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Tumbin Kurege kuwa ya riƙa komawa da sauri.

Saura kwana ɗaya a tashi, Kurege ya ga in bai yi wani abu ba ya yi asarar mako biyar. Ya tara yara ya ce, "Darasi na ƙarshe shi ne ajiya. Ɗan kasuwa na gaskiya ba ya yawo da dukiyarsa. Kowa ya juye ɗanyar gyaɗarsa a tulu, ku jera a ɗakina, ku tafi kasuwa."

Delu ta juye tata, ta jera tulunta, ta fita tare da kowa. Da suka sha kwana sai ta zagayo ta baya, ta shige cikin tulun, ta dunƙule a kan irin uwarta. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga ƙafa ta sage, amma ta ce ko za ta dahu a nan ba za ta motsa ba.

Rana ta take, Kurege ya shigo ya ja ƙyaure. Ya jijjiga wannan tulu, ya jijjiga wancan, ya ji na Delu ya fi kowane nauyi. Ya ce, "Yarinyar kirki." Ya lumshe ido, ya buɗe baki, ya cusa kai gaba ɗaya da ƙarfi.

Ihun da ya yi sai da aka ji a kasuwa. Kafin yara su iso, hancinsa da leɓɓansa sun kumbura sun yi kamar kabewa, Delu kuma tana leƙowa daga bakin tulu tana neman ruwa.

Gari ya waye, iyaye suka zo ɗaukar 'ya'yansu. Yara suka kwashe labari kaf suka faɗa. Zabuwa ta fara kwarmato, Zomo ya ɗauki gora, aka kewaye Kurege. Ya duba hagu babu hanya, ya duba dama babu hanya, sai ya hau kan tushen tsamiya.

Ya ce da kumburarren baki, "Jama'a, kafin ku dake ni ku ba ni amsa. Wane ne cikin 'ya'yanku ya iya hura wuta ranar da ya zo? Wa ya iya kallon babba ya ce albarka? Wa ya san tsare kayansa? A kan wa za su koya in babu macuci a kusa? Ni na yarda na zama macucin, don kada su haɗu da na gaske ba shiri. Na ba da cikina, na ba da fuskata. Ku dubi hancina."

Iyaye suka dubi hanci, suka dubi yara. Maganar dai ƙarya ce, amma yaran sun iya. Zomo ya sauke gora. Kurege ya ga ya sha, sai daɗin baki ya ɗebe shi, ya ce, "Kuma baɗi in Allah ya kai mu, ƙofa a buɗe take ga kowa."

Sai Beguwa ta ratso daga baya, ƙayoyinta kowace ta kai tsawon kibiya, suna ƙaras-ƙaras.

Ta ce, "Malam, ka burge ni. Nawa yaran goma sha biyu ne, duk sangartattu, kuma ga saurin fushi. Ba sai baɗi ba, gobe da safe zan kawo maka su."

Kurege ya kalli bayanta, ya shafa hancinsa. Ya ce bari ya duba wani abu a rami yanzu zai fito. Shi ya sa har yau in kurege ya hango ka sai ya miƙe tsaye ya leƙa kafin ya faɗa rami, dubawa yake ko da yara aka zo.

Ita kuwa Bushiya sai ta ajiye mudu a ƙasa. Delu ta karkata tulu tana zubawa. Mudu ya yi rabi, ya kai wuya, ya cika har ya yi tozo, kuma ga saura a gindin tulu wajen tafi uku. Bushiya ta ja numfashi, ta ƙulle irinta, sannan ta kai hannu za ta haɗa da sauran.

Delu ta dafe bakin tulu. Ba ta dunƙule ba, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, mudu ɗaya muka yi da ke. Wannan nawa ne. Ki yankar mini gefen gona, ni zan shuka shi."

Bushiya ta janye hannu. Ta yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka ne na daɗi ba. Ta gane yarinyar nan yanzu za ta iya rayuwa ko babu ita. Abin da ta nema ke nan, amma da ta samu sai da ya yi mata zafi. Ta share ido ta ce, "Kunya biyar zan ba ki, ta gabas. In ciyawa ta cinye, kar ki kira ni."

Delu ta ce, "Shida."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan hancin Kurege. Abin da za ku ɗauka a ciki shi ne, in za ku ci kayan yaro, ku fara zagayawa ku duba bayansa.