Wasan Noma Da Aka Cire Wa Girbi

Akwai wani matashi a Dutse mai suna Uwaisu, ɗan Malam Arzika mai awo. Duk wanda yake cin kasuwar Shuwarin ya san rumfar Malam Arzika. Shekara arba'in yana auna gero da dawa a wurin, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Mata kan ajiye buhu a gabansa su tafi sayen kayan miya, su dawo su ɗauka ba tare da sun duba ba.

Uwaisu ya karanci ilimin kwamfuta a jami'ar da ke Kafin Hausa. Da ya gama bai nemi aikin gwamnati ba. Ya kama shago a Takur, ya zuba kwamfuta biyu, shi da yayarsa Na'ima suka fara haɗa wasannin waya, waɗanda matasa ke kira gem. Shi ne mai tsara yadda wasa zai yi aiki, ita ce mai zane.

Ranar da za su rubuta allon shago, Uwaisu ya roƙi mahaifinsa ya yarda su sa wa kamfanin sunansa.

Tsohon ya ce, "Ban da gona babba, ban da shanu. Sunan nan shi ne abin da na tara. Ka ɗauka, amma ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

Haka aka rubuta Kamfanin Arzika a saman ƙofa.

Shekara biyu suka yi a kan wasansu na farko, suka sa masa suna Damina. Mai wasa zai fara da sharar gona, ya jira ruwan shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai, ya zuba taki, ya yi fama da fari da tsuntsayen jan-baki. Daga nan sai girbi, da ɗaurin dami, da cika rumbu. Mataki goma cif. Na'ima ta zana har yadda ganyen gero ke naɗewa idan ruwa ya ɗauke.

Saura mako biyu su saki wasan, Uwaisu ya shigo shago da wata shawara.

Ya ce, "Yaya, na yi nazarin yadda manyan kamfanonin waje suke yi. Suna sakin wasa, bayan wani lokaci su fito da ƙari, mutum ya biya ya sauke. Da haka suke riƙe masu wasa, da haka kamfani yake rayuwa. Mu ma haka za mu yi."

Na'ima ta ce, "Ba laifi. Idan mun huta sai mu yi ƙarin noman rani, ko na dabino."

"Wannan sai an ƙara shekara. Akwai hanya mafi sauƙi. Mu saki mataki bakwai yanzu. Girbi da dami da rumbu mu riƙe su, bayan wata guda mu fito da su a matsayin ƙari."

Ta ajiye alƙalamin zanenta ta dube shi.

"Uwaisu, a Jigawa za ka sayar wa mutum noma ka riƙe girbi?"

"Wasa ne fa, Yaya. Ba gonar gaske ba ce."

"Kuɗinsu na gaske ne. Datarsu ma ta gaske ce. A tallanmu mun rubuta daga shuka har rumbu."

"Ai za su kai rumbun. Ban ce a yaushe ba."

"To ka ji bakinka da kanka."

Suka yi ta ja har la'asar. Uwaisu ya ce ita zane ta sani, kasuwanci kuma sai wanda ya karanta. Na'ima ta naɗe kayanta ta ce, "Zanena yana ciki, ba zan iya cirewa ba. Amma ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba sai girbi ya koma wurinsa." Ta tafi gidanta a Yalwawa.

Aka saki wasan. Makon farko Uwaisu ya ga abin da yake so. Ɗalibai a Kafin Hausa suka sauke, masu babur a tasha suka sauke, har ma'aikatan ofis. Mutane suna murna an yi wasa da Hausa, mai gero irin nasu da rumbu irin na ƙauyensu.

A mako na biyu masu sauri suka kai mataki na bakwai. Gero ya nuna, zangarniya ta sunkuya, mai wasa ya ɗauki magirbi. Sai rubutu ya fito a fuskar waya: "Girbi yana cikin ƙari. Ka biya ka sauke idan ya fito."

Shafin kamfanin ya cika da maganganu.

Wani ya rubuta, "Na yi firi, na yi maimai, na kori jan-baki, ashe ƙodago nake yi a gonar wani."

Wata ta ce, "Tun kakanninmu ba mu taɓa jin an sayi girbin gonar kai ba."

Wani kuma ya rubuta kalma huɗu kawai: "Arzika ya tauye mudu." Wannan ita ce ta bazu. Aka yi ta tura ta daga waya zuwa waya har ta isa ga mutanen da ba su taɓa buɗe wasan ba, ba su ma san akwai shi ba. Su kam, Arzika ɗaya suka sani, kuma mudu ne sana'arsa.

Uwaisu ya ga duk wannan, ya ce hayaniya ce, za ta wuce. Ya ce tsinuwa ma talla ce. Da ƙarin ya fito, kaɗan ne suka saya.

Ran kasuwa, kamar yadda ya saba, Uwaisu ya kai mahaifinsa Shuwarin a babur, ya tsaya taya shi kwance buhuna. Sai ga Hajiya Safina, mai sayar da fura a Yalwawa, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen gero a rumfar.

Suka gaisa. Malam Arzika ya ce, "Hajiya, na kullum?"

"Na kullum, Malam."

Ya kai hannu zai ɗauki kwanon awo, sai ta riga shi. Ta kifa shi, ta shafa gindinsa da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

Masu awo duk sun san ma'anar wannan. Mai ha'inci yakan bubbuga gindin kwano ya lotsa ciki, ta yadda zai ci ƙasa da abin da ya kamata. Mai saye ba ya kifa kwano sai a gaban wanda bai yarda da shi ba.

Masu awon da ke gefe suka kau da kai.

Hajiya Safina ta ji kunya, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Magana ce ake ta yi a gari, wai Arzika ya tauye mudu. Ni ma ban yarda ba, amma ka san zuciya."

Tsohon ya ce, "Kin kyauta da kika duba. Haƙƙinki ne."

Ya auna mata, ya yi mata gyara kamar kullum. Tana tafiya ya ce wa Uwaisu, "Ɗaure buhunan, mu koma gida." Ko azahar ba a yi ba.

Da suka isa gida, Malam Arzika ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya sa aka kawo rabin buhun gero. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kwano mai tsatsa, wanda Uwaisu bai taɓa gani ba.

Ya ce, "Wannan na karɓe shi daga hannun wani mai awo tun kana goye. Zauna, yau kai ne mai saye."

Ya cika tsohon kwanon ya juye a faranti. Sannan ya cika tafukansa biyu, ya ƙara a kai, ya sake ƙarawa.

"Yaya ka ga gyaran nan?"

"Da yawa, Baba."

"Haka mutane suke cewa. Kasuwa duka babu mai gyara kamar mai kwanon nan, har waƙa mata suke masa."

Ya ɗauko nasa kwanon na gaskiya, ya juye duk abin da ke farantin a ciki, awon da gyaran gaba ɗaya. Geron bai ko kai baki ba.

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, "Yayarka ta yi mini bayanin abin naku. Ban san waya ba, amma na san wannan. Abin da ka kira ƙari daga cikin mudun mutane ka ɗebe shi. Shi mai kwanon nan ma ya fi ka kunya, don shi kyauta yake mayar musu. Kai sayar musu kake."

"Baba, kamfani ba ya tsayawa da wasa ɗaya. Dole mu riƙa fito da ƙari, in ba haka ba mu rufe."

"Wa ya hana ka? Ni ma ba mudu ɗaya nake sayarwa in tashi ba. Wanda ya ji daɗin na farko shi ne yake cewa ƙaro wani, kuma ya biya da daɗin rai. Ka cika na farko ya yi tozo. Bayan nan in ka ga dama ka yi gyara, in ka ga dama ka auna sabo ka sayar. Duka halal ne."

Ya tura masa tsohon kwanon da ƙafa.

"Shekara arba'in ba wanda ya kifa kwanona. Na ba ka suna na shekara biyu, yau an kifa shi a gabanka. Ba zan koma kasuwa ba sai ka dawo mini da abina."

Daga zauren, Uwaisu bai zarce ko'ina ba sai Yalwawa. Ya tarar da Na'ima tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Mai karatun kasuwanci, yau kai ne a gidanmu?"

"Yaya, ki yafe mini. Ki zo mu mayar da girbi."

"Sai da aka taɓa tsoho ka ji?"

"Sai da aka taɓa shi."

Ta ci gaba da tsintarta na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Gobe da safe. Kuma da bakinka za ka yi wa mutane bayani, ba da rubutu ba."

Cikin kwana uku suka haɗe wasan ya koma mataki goma, duk wanda ya saya ya samu girbinsa ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Waɗanda suka riga suka sayi ƙarin aka mayar musu da kuɗinsu. Uwaisu ya tsaya a gaban allon shago ya ɗauki bidiyo. Ya ce wasan a cike yake tun farko, shi ne ya yanke shi don kwaɗayi. Ya ce yayarsa ta hana shi bai ji ba, kuma mahaifinsa ba shi da hannu a ciki ko kaɗan.

Wasu suka yaba. Wasu suka ce sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mafi yawa ba su ce komai ba, domin sun riga sun goge wasan daga wayoyinsu, kuma ba su dawo ba. Bidiyon ban haƙurin bai yi rabin tafiyar da kalmomin nan huɗu suka yi ba.

Kasuwa shida Malam Arzika ya yi bai je Shuwarin ba. A ta bakwai ya ce a fito da babur.

Tun daga ranar Uwaisu ba ya sauke shi ya juya. Yana zama a rumfar har a tashi, duk wanda ya zo da maganar ya miƙe ya ce, "Ni ne na tauye, ba Baba ba."

Bayan shekara guda suka fito da ƙarin noman rani, sabo fil, da rijiyar burtsatse da albasa da tumatir, babu abin da aka ciro daga tsohon wasan. Waɗanda suka rage tare da su suka saya ba tare da ƙorafi ba. Ba su da yawa, amma sun isa shagon ya ci gaba da buɗewa.

Hajiya Safina ba ta sake kifa kwanon ba. Sai dai akwai baƙin fuska da suke zuwa rumfar lokaci zuwa lokaci, waɗanda suka ji maganar farko ba su ji ta biyu ba. Sukan ɗauki kwanon su juya shi. Malam Arzika yakan miƙa musu da hannunsa, ya jira su gama, ya auna. Uwaisu yana gefe yana kallo, kuma har yau bai saba da ganin haka ba.

Darasi: Ƙari ba laifi ba ne, ko a wasan waya, ko a shago, ko a kowace sana'a. Amma sai mudu ya cika ake maganar ƙari. Wanda ya ɗebe daga haƙƙin mutane ya dawo musu da shi da sabon suna, ya sani ranar da za a kifa kwano tana zuwa, kuma wataƙila ba nasa za a kifa ba, na wanda ya ara masa suna ne. Ku tura wa duk wani mai sana'a da kuka sani, musamman matasanmu da suke fara kasuwanci da sunan iyayensu.