Tsamiyar Cikin Kasko

Akwai wani manomi da gari ya cinye gonarsa. Aka yanka ta fuloti-fuloti, aka sare tsamiyar da kakansa ya dasa a tsakiyarta, shi kuma 'yarsa ta ɗauko shi ta kawo birni, gidan haya mai siminti tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki. Abin da ya tsira da shi daga gonar nan ɗan tsiron tsamiya ne guda ɗaya tak, wanda ya tono kusa da kututturen ya sa a gwangwanin madara. To, ina zai dasa shi? Ko inda za a soka tsinke babu a gidan.

A bakin titin unguwar akwai wata mai sayar da shuke-shuke, sunanta Tabita. A wurinta ya ga abin mamaki: tsohon itace da rassansa da kaurinsa, amma bai kai gwiwar mutum ba, yana zaune cikin kasko. Ta ce masa bonsai ake kiransa. Ta nuna masa yadda ake datse doguwar saiwa, da yadda ake naɗa waya a jikin tsiro a lanƙwasa shi tun yana ɗanye. Tana cikin bayani sai masu saye suka zo, ta ce ya ɗan jira ta. Ina! Mutumin da ya shekara hamsin yana noma, yarinya ce za ta koya masa itace? Ya kama hanyarsa.

Ya samo wayar ɗaure rodi wajen magina, ya datse saiwar, ya dasa tsiron a kasko. Ya naɗa wayar tamau, irin ɗaurin da ya saba yi wa damin dawa, ya lanƙwasa shi ya yi kyau.

Daga nan wahala ta fara. Kasko ba ya riƙe ruwa, sai an ba shi safe da yamma. Famfon gidan kuwa sai ya ga dama, don haka tsohon nan ke jan bokiti daga rijiyar maƙwabta, gwiwoyinsa na ƙara. Rana ta yi zafi ya kai kaskon inuwa, iska ta taso ya shigar da shi ɗaki, kaji su zo tono ya kore su. Haka ya yi damina uku bai yi fashin kwana ɗaya ba.

A ta ukun sai ganyen sama ya fara yin rawaya. Ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya sake ƙasa, ganye dai sai zuba yake. Allah sarki, mutumin nan ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya kan zauna ya zuba wa kaskon ido, ya san in wannan ya mutu, shi da gonar ubansa sun rabu ke nan har abada.

Ranar da abin ya ishe shi, ya rungumi kaskon ya kai wa Tabita.

"'Yata, ga shi nan," in ji shi. "Babu abin da ban yi masa ba. Itacen nan ba shi da godiya."

Tabita ta juya kaskon, ta kankare ɓawon da farce. Sai ga waya a ciki, ɓawo ya haɗiye ta, jikin itacen ya kumbura a kewayenta.

"Baba, yaushe ka ɗaura wannan?"

"Tun ranar da na dasa."

"Wayyo, Baba! 'Yan watanni ake barinta. Da itace ya kama siffa sai a cire. Shi yana ƙara kauri, ita ba ta ƙarawa. Shaƙe shi take yi."

"Ai ba ki faɗa mini ba."

"Ba ka tsaya ba, Baba."

Ta ɗauko filaya ta yi ta tsinke wayar guntu-guntu, don in aka warware ta gaba ɗaya ɓawon zai biyo ta. Saman ya riga ya bushe, dole ta yanke shi. Abin da ya rage bai wuce tsawon yatsa ba. Ya koma gida da shi, ya ci gaba da jan bokitinsa.

Bayan mako shida wani toho ya ɓullo ƙasa da tabon, ya nufi gefen da tsohon bai taɓa so ba. Ya tashi ya ɗauko ragowar wayar, ya daɗe riƙe da ita. Sa'an nan ya mayar, ya ba tohon ruwa.

Ga ma'anar misalin, kuma ku iyaye da dattawan ikkilisiya nake yi wa magana. Tsiron nan 'ya'yanku ne, da waɗanda Ubangiji ya sa a hannunku ku goya cikin bangaskiya. Wayar kuwa horo ce. Kada wani ya fita ya ce malam ya hana horo, ban hana ba. Yaron da ba a lanƙwasa ba ya kan tashi yadda ya ga dama. Amma an yi horo domin a sassauta shi wata rana.

Ni kam na gaji da jin, "Malam, babu abin da ban yi wa yaron nan ba." Na yarda, kun ciyar, kun tufatar, kun yi azumi dominsa, kun gaji ƙwarai. Amma ga shi da gemu, shekara talatin, har yau in ya buɗe baki a gabanku tsawa ce ke biyo baya, irin ta ranar da yake ɗan shekara bakwai. Sai ya daina magana, ya daina zuwa gida, ya daina zuwa sujada, ku ce ba shi da godiya. Wani tabon ba zai goge ba, wannan gaskiya ce, amma muddin yana da rai bai yi latti ba.

Yau in kun koma gida, kada ku fara da tambayarsa dalilin da bai zo ba. Ku kira shi, ku ba shi kujera, ku tambaye shi inda ke yi masa ciwo. In ya fara faɗa, ko da sunanku ya ambata, ku yi shiru har ya gama.