Makullin Ƙofar Ruwa ta Tudun Marke

To jama'a, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi shi, kuma duk albasar da na ci bana albarkacin mutum uku na ci ta. Idan na gama, ku za ku yi alƙalanci.

A Tudun Marke noman rani muke yi da ruwan dam. Magudana ɗaya ce tak, ta taso daga wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, ta ratsa gonakin mutanen sama, sannan ta gangaro mana mu na ƙasa. Gonata ita ce ta biyun ƙarshe. A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi rowa, ruwan dam ya ja baya, sai rigima ta tashi.

Makullin ƙofar yana hannun Malam Cindo, shugaban ƙungiyarmu. Bawan Allah ke nan! Matarsa 'yar sama ce, mahaifiyarsa 'yar ƙasa, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ka kai masa ƙara ya ce kana da gaskiya, abokin faɗanka ya je shi ma ya ce yana da tasa. Ya zaunar da ɓangarorin biyu ya raba abin biyu cif: yau ruwa na sama, gobe na ƙasa. Kowa ya yaba. Sai dai ranar da aka ce tamu ce, haka za mu wuni tsugune bakin magudana, ko laima ba ma gani. Muka koma wurinsa sau uku, ya ce mu ƙara haƙuri, ai rabo daidai aka yi. Wallahi na ji haushinsa, domin albasata ta fara kwanciya shi kuwa bai taɓa tako ƙafarsa ya gani ba.

Sai Nomau ya miƙe. Matashi ne ɗan ƙasa, baki gare shi kamar rediyo. Ranar kasuwa ya haye amalanke ya ce: "Talakawa, na sama ne ke shanye ruwanku, Malam kuma yana lallashinku har ku mutu! Ku ɗauko fartanya mu ɓalle ƙofar nan, kowa ya sha!" Zancen sata ƙarya ne, babu wanda ya saci ruwa. Amma zancen mutuwar gonakinmu gaskiya ne, kuma shi kaɗai ya faɗe shi da ƙarfin da aka ji. Mutum ya fi ɗari biyu suka bi shi. Ni ma, ba na ɓoye muku, da gatarina na tafi.

Muna isa da hantsi muka tarar da na sama sun ja daga da gora da adduna. Kun san idan aka ɓalle ƙofar nan, ruwan wata uku kwana biyu zai yi ya tsiyaye, na sama ya nutse, na ƙasa ya ƙone daga baya. Kafin nan ma jini zai zuba.

Malam Cindo ya zo ya zauna daram a kan ƙofar, makulli a cinya. Ya riƙa kiran mutane ɗaya ɗaya da sunan iyayensu, na sama da na ƙasa, yana tambayar wanda zai fara sara. Na sauke gatarina. Da wani ne ya zauna a wurin, da ɓangare ɗaya ya ture shi, amma shi babu wanda ya iya.

Ana cikin haka Gwaggo Tambai mai ɗanwake ta sauke tukunyarta. Shekara ashirin tana bin gefen magudanar nan da tallanta, daga ƙofa har gonar ƙarshe. Ta ce: "Kai Cindo, kai Nomau, duk ku rufe mini baki. Jiya na jefa guntun ƙwarya a nan da sassafe na bi shi. Sai la'asar ya kai kwalbati, can ya maƙale cikin kacalla." Ashe ciyawar nan ce ta toshe hanya, busasshiyar ƙasa kuma tana shanye ruwan farko, kafin ruwa ya iso mana an rufe ƙofa, kwananmu ya ƙare. Ta ce a nome kacallar, a ba na ƙasa kwana uku a jere, kuma da su za a fara.

Malam Cindo ya cire hularsa a gaban jama'a ya ce: "Gwaggo, na yi kuskure. Kwanaki na raba, ban raba ruwa ba." Ya juya ya roƙi na sama su ba da kwana ukun. Suka yi gunaguni, amma suka yarda, kuma sun faɗa da bakinsu don shi ne ya roƙa.

Saura aiki. Kacallar nan mutum goma ba sa nome ta a wata guda, mu kuwa har lokacin jininmu tafasa yake. Nomau ya sake hayewa sama ya ce: "Gayya ce! Wanda ya zo da fartanya ya biyo ni!" Mutanen da ya tara don ɓarna su ya tura cikin laka, na sama ma suka tuɓe riguna suka shigo. Malam Cindo ya sha kiran gayya a baya, mutum ashirin ba su taɓa fitowa ba. Kwana biyu muka yi. Rana ta uku ina tsaye na ga ruwa ya shigo kunyar albasata, na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Allah Ya saka wa mutanen nan uku da alheri.

Yanzu wa'adin shugabanci ya cika, kuma makulli mutum ɗaya ake ba wa.

Masu son Malam Cindo sun ce ba don shi ba da an yi gawa, kuma shi kaɗai kowane ɓangare ke yarda da shi. Ana ce musu rabonsa ne ya kusa kashe mu.

Masu son Nomau sun ce da bai yi ihu ba da har yau haƙuri ake ba mu, kuma shi ne mai jama'a. Ana tuna musu ƙaryar sata da gatarin da ya sa muka ɗauka.

Masu son Gwaggo Tambai sun ce ita kaɗai ta san inda ciwon yake. Amma ta daɗe da sani, kuma ba ta iya tara mutum biyar su saurare ta ba sai da waɗancan biyu suka tara mata.

Ranar Asabar za a ɗaga hannu, ni kuma hannu ɗaya aka yarda in ɗaga. To, ku gaya mini, a cikin ukun nan wa zan damƙa wa makullin?