Ranar da Nomau Ya Kira Sunan Ɗansa

An yi wani mutum a wani gari, tun da daɗewa, sunansa Nomau. Bawan Allah ne marar hayaniya, haƙar rijiya ce sana'arsa. Yana da ɗan fari, Sallau, mai shekara takwas. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi. "Kai yaro," shi ke nan.

To, yaron nan ya zama mafaɗaci. Yau ya ciji wannan, gobe ya jefi wancan. Ranar da ya fasa wa ɗan maƙwabci kai, mai unguwa ya ce, "Nomau, ko ka gyara shi da bulala, ko ka kai shi ƙauye wurin dangi. Kwana bakwai na ba ka."

Ku saurara. Bai ɗauki bulala ba. Ya ce a ransa, yaron da ke ba ƙanwarsa loma a gida, me ke mayar da shi haka a waje? Sai ya ajiye aiki, ya riƙa laɓewa bayan katanga kusa da dandali yana kallo. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Rana ta uku da la'asar, wani uba ya leƙo ya ce, "Ilu, zo ka ci abinci!" Ilu ya dubi Sallau ya ce, "Kai fa, wa zai kira ka? Babanka ko sunanka bai sani ba." Yara suka kwashe da dariya. Sallau ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Nomau ya fito. Bakinsa ya yi nauyi, amma ya buɗe shi.

"Sallau."

Yaro ya tsaya cak.

"Sallau, maganar nan ta yi maka zafi?"

"Ta yi, Baba."

"To, da baki ake faɗa. Ajiye dutsen, zo mu tafi gida."

Dattawa suka yi ta yi masa ba'a, wai zaman rami ya cinye masa kunya. Ya ce, "Na ji. Ku dai bar mini ɗana." Yaro bai zama waliyyi ba. Ya sake rigima, amma bai sake jifa ba, kuma ba a kai shi ko'ina ba.

Jama'a, yaro ba ya cizo haka kawai. Akwai abin da ke cin ransa wanda bai iya furtawa ba, kuma bulala ba za ta koya masa furta shi ba. Kafin ka ɗaga hannu, ka bincika. In kunyarka ce ke cutar da ɗanka, ka ajiye ta. Yau in kun koma gida, kowa ya tambayi nasa abin da ke damunsa, ya yi shiru har yaron ya gama magana.