Keken Aro a Ƙofar Malam Yahuza

Malam Yahuza malamin gona ne a Makarfi zamanin Turawa. Yana da ƙwazo, sai dai ya tsani a san yana cikin rashi. Ko da yunwa ya kwana, da safe sai ya fito zaure yana sakace haƙori.

Wata shekara gwamnati ta turo wani Bature ya zagaya gundumomi, ya ga yadda ƙananan ma'aikata ke rayuwa kafin a gyara albashi. Ma'aikatan Makarfi da Ikara da Kudan suka zaɓi Yahuza ya yi magana da yawunsu, tunda shi ne mai baki. Babbar buƙatarsu keke ce, domin a ƙafa suke yawon ƙauyuka. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Bobbo, mai yi wa shanu allura, wanda ciwon gwiwa ya sa a gaba. An riga an ja masa kunne cewa in ya kasa zagaye, za a sallame shi.

Bobbo ya ce masa, "Malam, in baƙon ya zo ka kira ni ya ga ƙafata. Ni ba na jin kunya."

Yahuza ya amsa da to. Amma da ranar ta matso, sai ya ga ba zai iya tarbar baƙo a koɗaɗɗiyar riga ba. Ya aro babbar riga wurin surukinsa, ya aro darduma da kujeru, har da sabon keken wani ɗan kasuwa, ya jingine shi a ƙofar zaure. Matarsa Sabuwa ta ce wannan ba shigar mai kai kuka ba ce. Ya ce ta bar shi, mutuncin gida yake karewa.

Bature ya zo da tafinta, ya ci kaza, ya dubi ko'ina, sannan ya tambaya keken na wane ne.

"Namu ne, ranka ya daɗe," in ji Yahuza. "Mun gode Allah, ba mu rasa komai ba."

Bobbo yana gindin tsamiya yana jiran kira, har motar baƙo ta tashi.

Da sakamako ya fito, aka gyara wa ma'aikatan birni, aka bar na gunduma yadda suke, tunda baƙo ya gani da idonsa suna cikin wadata. Kafin damina aka sallami Bobbo, ya koma garinsu Saulawa. Abin tausayi, ko noman kirki ƙafar ba ta bar shi ya yi ba.

Yahuza ya daɗe yana jin nauyin zuwa. Ran da ya je ba da haƙuri, ya tarar da shi zaune, gwiwa ta kumbura. Bobbo bai yi faɗa ba. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, keken nan namu, ko za ka ara mini in je asibiti?"

Yahuza ya sunkuyar da kai. Keke ya riga ya koma wurin mai shi tun yammacin ranar da Bature ya zo.

Darasin shi ne, wanda jama'a suka ɗora wa amanar kai kukansu, kada ya bari girman kai ya rufe masa baki. Faɗin halin da ake ciki ba zubar da mutunci ba ne. In ka ɓoye shi don a yabe ka na yini guda, wani bawan Allah ne zai ɗauki wahalar har ƙarshen rayuwarsa.