Injin ya gyaru, ɗakin ya zama kango

Akwai wani injiniya da ake kira Gwani, yana aiki a kamfanin ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Shi ke rubuta manhajar 'yar kwamfutar da ke daidaita zafi a cikin injin. Ya iya aiki, amma ba ya yarda kowa ya leƙa abin da ya rubuta.

Ana nan sai masu kiwon kaji suka fara kuka. Injin yana cikin aiki sai ya ɗauke, zafi ya sauka, ƙwai su lalace.

A gaban kowa Gwani ya nuna Anti, matar da ke haɗa wayoyin injin. "Aikinki ne. Nawa ba ya kuskure."

"Haba Gwani, mu duba tare mana," in ji ta.

"Ki duba me? Me kika sani a ciki?"

Ƙarshen wata Anti ta ajiye aiki. Sauran ma'aikata suka kwashe kujerunsu ɗaya bayan ɗaya suka koma ɗakin gaba.

Aka sake wayoyi, injin bai daina ɗaukewa ba.

Gwani ya zama shi kaɗai, daga shi sai injin gwaji da ƙarar fanka. Abincinsa ya huce a kan tebur. Yana jin dariyarsu ta bango, ba mai leƙo shi.

Da dabara ta ƙare masa, ya jona injin da kwamfutarsa ya zauna jiran ya ɗauke. Ya yi kwanaki yana jira. Ranar da ya ɗauke, saƙon ƙarshe ya fito: memori, ma'ajiyar 'yar kwamfutar injin, ya cika, kuma kanel, wato uwar manhajar da ke raba wa kowane aiki wuri, ta kashe aikin daidaita zafi don ta samu sarari.

Ya buɗe saitin memorin ya duba. Shi da hannunsa ya ware wa hotunan da ke fitowa a allon injin kaso mafi girma, ya bar wa kanel ɗan kaɗan.

Ya gyara. Injin ya yi ta aiki lafiya lau.

"Na gano!" Ya juya da murna. Ba kowa a ɗakin.

Ya kira Anti a waya. "Laifina ne, Anti. Ki yafe min, ki dawo."

Ta ce, "Na yafe, Gwani. Amma inda nake yanzu, in na yi magana ana saurare. Allah ya taimaka."

Ta kashe wayar. Ya daɗe riƙe da tasa a kunne.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, fara bincikar aikinka. Na'ura tana gyaruwa in an gano matsalarta, amma mutumin da ka wulaƙanta ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa abokan aikinku, ko wani zai gyara tun da sauran lokaci.